Tumatirin Bazara da Fedar Jita

Har yau in aka zauna a gidan nan aka taɓo zancen shekarar da tumatirina ya ƙone, sai in ga kun haɗa ido kun yi shiru, kamar masu rufa wa mahaukaci asiri. Na san abin da ake faɗa a gari. An ce Malam Garba ya tsufa ya koma yaro, ya saki gona a tsakiyar bazara, ya rataya jita yana bin titi a kan babur. Wasu ma cewa suka yi sammu aka yi mini. To babu wanda ya yi mini sammu, kuma hankalin da na yi wannan abu da shi, shi ne dai wanda na aurar da ku da shi. Ke Hadiza kina gidan mijinki a Madobi a lokacin, labari kawai kika ji, kuma na san wanda ya kai miki shi ya ƙara gishiri. Kai Nura kana ciki, amma rabin abin ka gani. Zan faɗa muku yadda aka yi tiryan-tiryan, daga nan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Sai na fara da Sale, wanda kuka taso kuna kira Baba Sale na Kura, kuna ganinsa da carbi da farin gemu kuna zaton haka aka haife shi. Lokacin da ake haƙa manyan hanyoyin ruwan nan, kafin a san Kadawa da tumatir, ni saurayi ne ina aikin lebura, shi kuma ya zo daga Zariya yana tuƙa katafila. Bazazzage da Bakano, kun san sauran. Tun ranar farko ya ce ni bawansa ne, na ce ko kakansa bai isa ba, daga nan muka ƙulle. Aikin ya tara mutane daga ko'ina, kuma 'yan kudu ne suka zo da faya-fayen kiɗan rok, irin wanda jita ke wucewa gaba sauran kayan kiɗa suna bin ta. Muka ji, abin ya shiga jininmu. Muka haɗa 'yar ƙungiya muna wasa a kulob ɗin ma'aikata duk yammacin Asabar. Ni nake riƙe jitar baya, wadda ke shimfiɗa kiɗa. Sale ne mai jitar gaba, shi ke yin magana.

Kuma ba da jita kaɗai yake maganar ba. Yana da wani ɗan akwatin ƙarfe da ya saya a hannun wani Bature mai gyaran injuna da zai koma ƙasarsu. A ƙasa ake ajiye shi, waya ta fito daga jita ta shiga cikinsa, wata ta fita zuwa lasifika, sai a taka shi da ƙafa. Feda ake ce wa irin waɗannan akwatuna, wannan irin kuma sunansa faz. In ba a taka ba, muryar jita tas take fita. In aka taka, sai ta yi kauri, ta dushe, ta kuma daɗe ba ta mutu ba, kamar muryar tsohon sanƙira da har yanzu ake jin sa daga ƙarshen gari. Akwai kiɗan da muke rufe wasa da shi, Sale ne ya ƙirƙiro shi, ko suna ba mu sa masa ba. Wajen ƙarshensa yakan hau, ya ƙara hawa, ya kai wani wuri can sama ya tsaya ya riƙe, har sai mutane sun miƙe tsaye. Ban taɓa yin wannan wurin da hannuna ba, ni dai ina baya ina ba shi ƙasa.

Aikin haƙa ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Na samu gona a nan wajen Bunkure, na auri Ummanku, na cusa jitata a buhu na ɗora a kan sif. Sale ya zauna a Kura, ya auri Hajiya Kande, ya koma tuƙa babbar mota yana kai tumatir kudu. Jitarsa ya sayar, fedar kuma ruwan wata damina ya shiga ɗakinsa ya lalata ta. Ba mu ƙara yin kiɗa ba, ba mu ma cika taɗinsa ba, don mutum mai iyali a ƙauyen nan ba ya son a ce da shi tsohon makaɗi. Amma zumunci bai yanke ba. Shi ya raɗa maka suna, Nura.

A shekarar da nake ba ku labari, sanyi na fita ke nan, aka bugo mini waya aka ce Sale ya faɗi a bakin masallaci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Ya yi kwanaki a asibiti a birni aka sallamo shi. Likita ya ce jikin zai iya dawowa ko da ba duka ba, muddin zai ci abinci ya kuma yi ƙoƙari. To a nan gizo ke saƙar. Sale ya ƙi ci. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, wanda in ya shiga tasha sai kowa ya san ya zo, ya wayi gari ko ruwa ba ya iya roƙa. Sai ya juya fuska bango ya bar ta can. In aka kai masa cokali ya damƙe haƙora. Ranar da na je, Hajiya Kande ta tare ni a zaure.

"Malam Garba, abokinka tafiya yake son yi," in ji ta. "Ba ciwon ne zai kashe shi ba, zuciya ce. In haka ya ci gaba, wallahi ba zai ga damina ba."

Na shiga na zauna a bakin katifarsa. Na yi masa duk tsiyar da na iya. Na ce ashe Bazazzage haka yake da ragwanci, ɗan ciwo kaɗan ya kwanta yana jiran ubangidansa ya zo gaishe shi. Ko motsi bai yi ba. Ya rame, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Ina shirin tashi sai idona ya kai kan hannunsa na hagu, mai lafiyar. Yana kan gefen katifa, yatsun suna tafiya, wannan ya danna, wannan ya ɗaga, su matsa gaba su dawo. Hajiya ta ce ai haka yake yi kullum, sun ɗauka carbi yake nema, sun ba shi ya yar. Na zuba wa yatsun ido, sai na gane. Kiɗan rufe wasan nan ne yake yi, tun daga farko har inda ake hawa.

Da na dawo gida na sauke buhun daga kan sif. Ummanku ta leƙo ta ga abin da nake karkaɗewa.

"To fa! Malam, wannan gawar kuma wa ya tone ta?"

"Magani zan haɗa," na ce.

"Allah Ya sa ba mu za mu sha ba," ta ce, ta koma madafa.

Na sa aka kawo mini sababbin tsirkiyoyi daga birni da wata ƙaramar lasifika mai aiki da batirin babur. Yatsuna sun saba da fartanya, da farko ko lanƙwasuwa suka ƙi yi, fatar kansu ta tsattsage. Na yi ta fama a ɗaki har na iya bin layin Sale, a daddafe dai. Na kai masa. Da na fara, ya juyo daga bango, karo na farko ke nan da Hajiya ta ga ya juyo don kansa. Ya saurara kaɗan. Sai ya sauke ido ya dubi ƙasa, daidai ƙafata, inda ya kamata a ce akwai feda. Ya ga babu, ya mayar da fuskarsa inda take.

Yanzu sai ku fahimci yadda ruwa yake a shekarar, don in ba ku gane wannan ba, ba ku gane komai ba. Gonata a wutsiyar layi take, duk wanda ke sama sai ya sha kafin ya iso gare ni. A bazarar nan kuma ruwan ya ja baya, ciyawar kacalla ta toshe hanya, abin da ake saki bai taka kara ya karya ba. Bayan asuba ake buɗe ƙofar ruwan, kafin rana ta take an rufe. Duk wanda ke son ruwa sai ya tsaya da ƙafarsa kowace safiya, ya bi layi sama yana cewa wane ɗaga tiyonka haka nan, wane buɗe toshiyar nan ka sha ya isa. Kuma ruwa fuska yake bi. In ni na ce wa Alhaji Tanimu, maƙwabcina na sama, ya ɗaga tiyo, zai ɗaga, don tare muka tsufa. In ɗan ƙwadago na aika, ko kallonsa ba zai yi ba, shi ma ɗan ƙwadagon ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa sa'an ubansa haka ba. Ga shi na yi tumatirin ƙarshe, na bazara, wanda da shi gidan nan zai ci har kaka, kuma ya fara huda. Shi kuwa Sale sau biyu yake zama a farke sosai a yini: da safe, da kuma bayan la'asar. Tsakanin nan magani ke kwantar da shi. Sai na tsara abina: safiya ta gona, la'asar ta Sale.

Kai Nura na same ka a Kumbotso inda kake zaune, ka ɗauke ni muka shiga Sabon Gari, shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan kiɗa, mutumin kirki, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Na ce faz nake nema. Ya dube ni, ya dubi hulata da gemuna, ya dube ka.

"Na yaron ne?"

"Nawa ne," na ce.

"To Baba, faz iri-iri ne. Wane sauti kake so?"

"Irin na da."

Ya yi dariya. "Kowa haka yake cewa."

Ya fito da guda biyu ya ajiye a ƙasa, ya nuna na farko da ƙafa.

"Wannan 'yan ƙwayoyin cikinsa silikon ne. Ba ruwansa da zafi, ba ruwansa da sanyi, muryarsa ta yau ita ce ta gobe. Wancan kuma da jamaniyam aka yi shi, yadda ake yi a zamaninku. Ya fi daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma yana da hali. In ya ji zafi sai ya fara tari, ya shaƙe, wani lokaci ya yi shiru gaba ɗaya. Ga kuma watan da muke ciki." Ya nuna titi, inda kwalta ke sheƙi.

Yana faɗa sai na tuna. Haka na Sale yake yi a da, in bazara ta kama. Mukan ɗora wa batir laifi, mai gangarmu kuwa cewa yake aljanu ne. Na karɓi jita na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na zamanin yana da ƙarfi da kaifi, kana takawa ya cika shago, kuma in ka taɓa tsirkiya a hankali ko da ƙarfi, kusan amsa ɗaya yake ba ka. Na da ɗin kuwa sauraron yatsa yake yi. In ka shafa, ya yi maka raɗa. In ka danna, ya yi gurnani. In ka murɗa maɓallin ƙarar jita baya kaɗan, sai muryar ta washe kamar ruwan da ya kwanta a randa, ka mayar ta dawo da kaurinta. Amma shagon akwai na'urar sanyaya ɗaki, a nan ciki kowannensu sarki ne.

"Baba, ai magana ta ƙare," ka ce. "Da la'asar za ka riƙa zuwa, ɗakin Baba Sale kuma rufin kwano ne. Ka ɗauki wanda ba ya ciwo."

Gaskiya ka faɗa, kuma ni ma abin da ke raina ke nan, ba wanda ya tilasta ni. Na ce a raina, mutumin da ya yi shekara da shekaru bai ji faz ba, ina zai bambance? Muka ɗauki na zamanin.

Ashe na raina kunnen Bazazzage. Washegari bayan la'asar na haɗa waya a ɗakinsa, zufa na ɗiga daga haɓata. Ya ga feda a ƙasa, idonsa ya buɗe, har ya ɗan yunƙura. Na taka na fara. Ban yi nisa ba na ga fuskarsa ta canza. A cikin ɗan ɗakin nan, ƙarƙashin kwano, sautin ya zama kamar injin markaɗe. Ya ɗaga hannun hagu ya toshe kunne, ya runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Na sa masa rai, na kuma kawo masa abin da ba shi ba. Gara ma ranar da na zo ba feda.

"Malam Garba, bar shi haka," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Ka yi iya yinka, Allah Ya saka."

A gida na kasa cin tuwo. Ummanku ta zauna ta ce in faɗa mata, na faɗa mata duka: akwai wanda zai yi, amma ba ya magana sai da sanyin safiya, safiya kuma ta ruwa ce.

"A sa shi a cikin kula mai ƙanƙara mana, ka je da la'asar ɗin," ta ce.

"Na tambayi mai shagon. Ya ce in ya fito daga ƙanƙara ya shiga zafi, raɓa zai yi a ciki ya lalace. Ko bai lalace ba, ɗakin nan zai dafa shi kafin in kai rabi."

"To taura biyu ba ta taunuwa, Malam. Ko ruwa ko Sale."

"Na sani."

"Tunda ka sani me kake zaune kana juya mini tuwo a kwano? Ai tun kafin ka shigo ka gama zaɓa, so kake in faɗa da bakina. To ba zan faɗa ba. Abu ɗaya: in tumatirin nan ya ƙone, ni ba zan tare maka bakin yaran nan ba, kai za ka amsa."

Ga shi kuwa yau ina amsawa. Na koma Sabon Gari ni kaɗai, ban gaya maka ba, Nura, don na san abin da za ka ce. Mai shagon ya karɓi na zamanin ya ba ni na da ɗin, na yi ciko. Ya ja mini kunne a kan abu biyu. Ya ce kada in sa komai tsakanin jita da fedar, ita ce ta farko a layi, in ba haka ba ba za ta ji yatsana ba. Ya kuma ce kada in saya mata batir mai tsada, ta fi son ɗan arhan nan, wanda ma ya ɗan sha jiki. Na ce ashe halinmu ɗaya. Da na dawo, Ummanku, wadda ta ce ba ruwanta, ita ta ƙulle fedar a leda ta ajiye ta a kan yashin da ke gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan. Tun daga ranar, nan ne makwancinta. Na ɗauki ɗan ƙwadago na tura shi gona, ina sane da iyakar abin da zai iya.

Washegari ina idar da sallar asuba na naɗe fedar a tsumma na hau babur. Na iso Kura rana ba ta gama fitowa ba, ɗakin da ɗan sanyinsa. Sale ya ga na shigo da kaya, ya juya bango tun kafin in zauna. Na haɗa waya, na murɗa ƙarar jita baya, na fara a hankali. Sai na taka, na buɗe ƙarar. Kai! Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Ita ce, muryar nan ce, kamar jiya muka ajiye ta. Bai juyo nan take ba, amma na ga hannun hagunsa ya fito daga mayafi ya kama gefen katifa, yatsun suka shiga bin nawa. Inda na yi kuskure sai su tsaya cak su jira ni. Can ya juyo. Hajiya Kande mace ce mai wayo, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta lallaɓo da kofin kunu ta zauna ta kai masa cokali. Idonsa na kan yatsuna, ya buɗe baki ya karɓa, ina jin bai ma san ya karɓa ba. Ya sha kaɗan. Ina tsayawa ya rufe baki.

Haka abin ya zama. In kiɗa na tashi, yana ci. In na tsaya, ya damƙe haƙora. Hajiya ta gwada ɗaukar kiɗan a waya ta kunna masa da rana, ya ture wayar. Ranar da na ce bari in leƙa gona in huta da zuwa Kura, ko ruwa bai sha ba sai da ƙyar. To ku gaya mini, wace safiya ce zan ɗauke in ba tumatir? Na ci gaba da zuwa. Mutanen unguwarsu suka fara taruwa a bakin taga, wasu na dariya, wasu na a'uziyya. Wani dattijo ya tare ni ya ce, Malam, mutum na bakin kabari kamata ya yi a riƙa yi masa karatu, ba kaɗe-kaɗe ba. Na ce ana yi masa karatu safe da yamma, ni ma ina cikin masu yi, amma karatun ma sai da rai ake saurarensa. Raina ya ɓaci ranar, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Da la'asar nake zuwa gona, lokacin da babu abin da zan iya yi mata sai kallo. Fangalin da ke kusa da bakin ruwa yana ɗan samu, na can ciki ƙasa ta fara tsagewa. Huda ta soma zuba. Na haɗu da Alhaji Tanimu a kan gaɓa, tumatirinsa kore shar, na yi masa ƙorafi.

"Malam Garba, ni fa ban hana ka ruwa ba," ya ce. "Kai ne ba ka zo ba. Ruwan bana ko ni bai ishe ni ba. In na gan ka a tsaye, kunya za ta sa in ɗaga. In ban gan ka ba, wa zan ji wa kunya?"

Ban ga laifinsa ba, da ni ne a sama haka zan yi. Sai kuma ga wayarka, Nura. Ina tuna maganarka kalma-kalma.

"Baba, mutane suna magana."

"Su yi ta yi."

"To bar ta mutane. Gonar nan ita ce abincin gida. Baba Sale yana da 'ya'ya, yana da likita. Kai ba likita ba ne. Wata nawa yanzu? Ya yi magana? Ya tashi? Cokali nawa ne na kunu za ka ba da gona guda a kansa?"

Na kashe wayar, ka ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne. Gaskiya ne bai yi magana ba, bai tashi ba, kuma ɗan abin da yake ci bai fi ya riƙe numfashi ba. Maganarka ta kwana tana cina. Da asuba, maimakon in nufi Kura, sai na juya babur na nufi gona, fedar na ɗaure a bayana. Na ce yau zan tsaya wa ruwana. Na bi layi, Alhaji Tanimu ya gan ni ya ɗaga tiyo ban ma yi magana ba, ruwa ya gangaro. Na tsaya ina kallonsa yana shiga fangali yana ɓacewa a cikin tsagu. Na tsuguna na kama wata bishiya, ganyen ya murmushe a hannuna. Na tono saiwa, ta bushe. Manomi ya san lokacin da ruwa ke magani da lokacin da ya zama wankan gawa. Na makara. Na tsaya a nan na daɗe, baƙin ciki ya cika ni, don ban taɓa asarar gona da sakacina ba tunda na fara noma. Da na ɗaga kai, rana ta yi sama. Na ce to, an rasa wannan, kada a haɗa da wancan. Na hau babur.

Na iso Kura hantsi ya dubi ludayi. Fedar ta sha rana a gona, ta sha a hanya, da na kwance tsumman ƙarfenta har ƙuna yake. Ɗakin ya riga ya ɗauki zafi. Sale na kwance fuska a bango, Hajiya ta ce tun safe yake kallon ƙofa, da ya gaji ya juya. Kunun ma ya huce ta mayar. Na haɗa waya na fara, ina addu'a a zuci. Tun takun farko na ji ba lafiya. Muryar ta fito a shaƙe, tana yankewa, in na riƙe sauti sai ya karye tun bai je ko'ina ba. Na ci gaba a haka. Ya juyo, yatsunsa suka kama gefen katifa. Muka bi kiɗan tare, fedar na tari muna tafiya, har muka iso inda ake hawa. Na hau, na ƙara hawa. Saura taki ɗaya in kai wurin da ake riƙewa, sai ta yi wani ɗan ƙara ta mutu. Na taka, na sake taka, na kaɗa tsirkiya, shiru kake ji.

Sai na ji sautin ya fito daga katifa. Daga maƙogwaron Sale ya fito, ta gefen bakin da ke aiki, a dushe, yana rawa, amma daidai wurin da ya kamata, ko kaɗan bai kauce ba. Ya riƙe shi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya riƙe har numfashinsa ya ƙare, sannan ya sauko da shi yadda yake saukowa a da, ya rufe kiɗan da bakinsa. Ni dai ina zaune da jita a cinya kamar gunki. Ya yi ta haki. Ya dubi bakin ƙofa inda matarsa take tsaye, leɓensa na ta motsi, yana kokawa da harshe. Na ga wahalar da yake sha har na so in ce ya bari.

"Kan... de," ya ce.

Ta dafa bango.

"Yun... wa."

Kun san abin da ya biyo baya, don kun gan shi da idonku. Ya tashi da sanda, maganarsa ta dawo rabi-rabi, isasshiya dai ta zagina. Ya ga daminar nan, ya ga wadda ta biyo ta, ya zauna a kan kujera a ɗaurin auren autarsa kafin Allah Ya karɓi abinsa. Kun kuma san yadda muka ci shekarar a gidan nan, da tuwo ba miyar kirki, da Ummanku ta sayar da awakinta ba ta taɓa yi mini gori ba. Ban ce ba ku sha wahala ba, kuma ban ce ina da tabbacin abin zai yi ba lokacin da na zaɓa. Ba ni da shi. Amma abin da ba ku gani ba shi ne abin da ya faru a tsakar gidan nan na Kura a wannan hantsi.

Hajiya Kande ta fita a guje ta nufi madafa, na ji ƙarar tukwane. Can na fito na same ta a tsaye a tsakar gida da tukunya wayam a hannu, tana kuka tana faɗa.

"Dubi mutumin nan don Allah! Wata da watanni ina dafawa ana zubarwa, sai yau da ban ɗora komai ba! Tuwo zan yi masa da miyar dage-dage, ita yake so. Ga shi ko tumatir babu a gidan!"

Na ce ta hura wuta ina zuwa. Na hau babur na shiga kasuwar Kura, na tsaya gaban wani mai kwando da ya daɗe yana sari a gonata. Na nuna kashi ɗaya na ce ya zuba mini. Ya riƙe baki.

"Malam Garba! Kai ne yau da sayen tumatir?"

"Ni ne," na ce. "Zaɓo mini nunannu, kuma yi sauri. Mutum na can yana jin yunwa."